Kafin a Kawo Nono

Rahina ɗiyar Sule ce, manomin gero da dawa a Dauran ta ƙasar Zurmi, wanda da rani yakan auna hatsi a kasuwar Moriki. Ita ce ta uku a ɗakin uwarta, kuma ba ta zo duniya da wata alama ba. Ta yi tallar ƙuli kamar kowace yarinya, ta shiga makarantar allo da firamare tare da sa'o'inta. Abin da mutanen gidan suka fi tuna ta da shi shi ne yawan tambaya, da kuma rashin gamsuwa da amsar farko.

Tana ajin ƙarshe na firamare aka saya mata hijabi na wani yadi mai santsi. Wata safiya ta lokacin ɗari, ɗaki bai gama wayewa ba, ta cire shi bayan sallar asuba, sai ta ji ƙas-ƙas a kunnenta, ta kuma ga 'yan tartsatsi masu shuɗi-shuɗi. Uwarta ta ce sabulu ne bai fita ba. Kakarta Saratu, uwar Sule, wadda kowa a gidan ke kira Kaka, ta ce ta yi bisimilla ta bar wasa da abin da bai shafe ta ba. Rahina ta ɗauraye hijabin da ruwa zalla, ta shanya, ta yi bisimilla ta sa ta cire. Tartsatsin bai fasa ba. Da damina ta sauka ya ɓace, da ɗari ya kewayo ya dawo. Ta daɗe da wannan a ranta ba ta sami mai warware mata ba.

Da ta gama ƙaramar sakandare, lamarin tsaro ya riga ya dagula karatu a yankinsu, yau a buɗe makaranta gobe a rufe. Ƙanwar babanta, Goggo Mariya, wadda ke aure a Kaura Namoda, ta ce a ba ta yarinyar ta zauna wurinta. Sule ya so, amma a gidan nan magana ba ta zama magana sai Kaka ta sa baki, kuma Sule bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba. Kaka ta yarda bisa sharaɗi ɗaya.

"Ta tahi. Amma ran da tad dawo muna da abin da ba namu ba, ta zamna gida. Ka jiya?"

"Na jiya, Inna," in ji Sule.

Tun daga ranar Rahina ta san cewa duk hutun da ta zo gida, komawarta makaranta tana bakin Kaka.

A Kaura ta shiga ajin kimiyya, ta gamu da Malam Kamaluddeen mai koyar da fiziks. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar ya ga zamani. A da akwai bututun gas a kowane tebur, da ma'aunan tagulla cikin akwatunan gilashi. Yanzu karyayyun kujeru ake tarawa a ciki. Saboda haka Malam da abin da ke aljihunsa yake koyarwa. Ran nan ya goga biro a gashin kansa, ya kusantar da shi ga yagaggun takardu, suka yi tsalle suka manne. Rahina ta ɗaga hannu ta ba da labarin hijabinta. 'Yan aji suka yi dariya, Malam bai yi ba. Ya ce lantarki ne, wanda gugar yadi da gashi ke tarawa, kuma danshin damina yana kwashe shi kafin ya taru. Ya ƙara da cewa walƙiyar da ke tsaga sama ita ma wannan abin ce, girma kawai ya bambanta su.

Daga nan ta ƙi barin fiziks. Ita da ƙawayenta biyu, Asiya 'yar Shinkafi da Rashida 'yar cikin garin Kaura, sukan tsaya bayan an tashi suna tsare Malam da tambayoyi har ya ce musu shi ma yana da gida. Wata Asabar ya kai 'yan ajin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya ƙare. A nan ne a da ake loda gyaɗa da auduga, kuma jiniyar jirgi ce agogon mutanen gari. Ranar awaki ne kwance a inuwar rumfar tashar. Ya sa suka kara kunne a jikin dogo, ya tafi can nesa ya buga ƙarfen da dutse. Ƙarar ta iso musu sau biyu, ta farko ta cikin ƙarfe, ta biyu ta cikin iska. Rahina ta sa ya sake bugawa har hannunsa ya gaji.

Gab da dogon hutu suka yi darasin aradu. Malam ya ce kada a fake ƙarƙashin itace ɗaya tilo a fili, kada a saɓa ƙarfe a kafaɗa ana tsawa. Asiya ta ce a garinsu wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono, don wutar tana nan a jikinsa, mai taɓawa zai ɗauka. Kusan duk ajin suka ce haka yake a garuruwansu.

"Mutum ba batir ba ne," in ji Malam. "Kafin ki ƙifta ido wutar ta shige ƙasa. Abin da ya rage a kwance mutum ne mai neman a taimake shi."

Al'adar nonon tsohuwa ce, kuma a zamanin da ta kafu ba ta wahalar da kowa. Kowane gari da rugarsa a baya, matan Fulani suna shigowa da ƙoren nono tun hantsi, kowa ya san sunan mai kawo wa gidansu. In aka ce a kawo nono, kafin a gama salati ya iso. Amma rikicin shekarun nan ya tashi rugagen da ke kewayen Dauran. Fura ma da ruwan tsamiya ake dama ta, ko da madarar gari ta shago.

Rahina ta zo hutu tsakiyar damina. Gonakin nesa ba sa nomuwa saboda tsoro, don haka kowa ya matso gonakin bakin gari, ana aiki ana jin tarin juna. Ran nan ta kai wa babanta abinci bayan azahar, sai hadari ya taso daga gabas ya rufe gari. Ruwa ya kece. Ita da Sule da wasu manoma suka shige bukkar gona. Maƙwabcinsu na gona, Namadi, sa'an babanta, ya tsaya ƙarasa kunya, sannan ya saɓa galma ya nufo bukkar da gudu. Haske da ƙara suka zo tare. Da idanunsu suka washe, Namadi yana kife a kwarin kunya, galmar can gefe, ƙotarta ta tsage.

Maza suka fita da gudu, amma da suka kusa sai suka ja birki, suka kewaye shi suna salati.

"Kowa shi tsaya! Kak a taɓa shi!"

"Lukman, tahi gari ka samo nono! Maza!"

Lukman, babban ɗan Namadi, ya ruga yana kuka. Rahina ta kutsa tsakanin manya ta duba. Ruwan sama yana bin kwarin kunyar, ya riga ya kai kunnen mutumin, fuskarsa tana ciki. Ta ga kumfa tana tasowa ta gefen bakinsa.

"Baba, shina numfashi. Ruwa za su kashe shi."

"Koma baya, Rahina."

"Baba, kahin a zo da nono..."

"Na ce koma baya! Kak ki kuskura!"

Ba za a ce ba ta ji tsoro ba. Abin da ta sani a bakin Malam ta ji shi, a littafi ta karanta shi, ba ta taɓa gwadawa ba, ga kuma dattawa sun fi goma suna faɗin akasinsa. Ta durƙusa ta fara kai bayan hannunta ga diddigen Namadi. Ba ta ji komai ba sai sanyi da laka. Sai ta kama rigarsa da hannu biyu ta juya shi. Ya fi ƙarfinta ta ɗauka, don haka ta ja kafaɗunsa har kansa ya hau bisa kunya, ta karkata shi gefe, ta sa yatsa ta kwashe laka daga bakinsa. Sule ya yi taku ɗaya ya tsaya. Ba wanda ya kama mata. Can Namadi ya shaƙe, ya yi tari, ruwa ya fito masa ta baki da hanci.

Lukman ya dawo jiƙe sharkaf da ƙullin madarar gari a hannu. Ya zaga gidaje bai sami nono ba, sai shago.

"Wanga ai gari na, ba nono ba," in ji wani dattijo.

"Madara ta, Baba. Ga hoton saniya nan ga leda."

"Saniyar Turawa. Aradu ta san ta?"

"To mu tsaya hab bana ta ƙare muna jiran ta Hillani?"

A ƙarshe aka juye abincin Sule, aka dama madarar da ruwan sama a kwanon, aka kwara wa Namadi daga kai har ƙafa. Sannan ne maza suka ɗauke shi, aka nemi mota zuwa asibitin Zurmi. Ya rayu. Kunnensa na hagu ya daina ji, kuma wani jan zane mai rassa kamar jijiyar ganye ya fito masa a kafaɗa, ya yi kwanaki ya baje.

Labari ya riga Rahina isa gida. Ta tarar da Kaka tsaye a bakin zaure.

"Tsaya nan. Mi kinka yi?"

"Kaka, ruwa na shiga mai hanci."

"Ban tambaye ki hancinai ba. Kin taɓa shi ko ba ki taɓa ba?"

"Na taɓa."

Kaka ta sa aka ware mata kwano da moɗa, aka shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai, aka hana ta ɗaukar ƙaninta na goye. A bakin rijiya 'yan mata suka riƙa janye gugansu in ta matso. In hadari ya haɗu, mata sukan kira 'ya'yansu daga ƙofar gidan Sule, wai aradu tana bin abinta. Matar Namadi ta aiko da godiya da ƙwai, amma a bakin zaure aka ajiye.

Da farko Kaka ta ce magana ta ƙare, abin da ta faɗa tun farko ne ya faru, yarinya ta zauna gida. Sule ya yi ta ba ta haƙuri har ta sassauto. Ta ce a samo nonon saniya na gaske, a wanke Rahina a gaban matan unguwa, don kowa ya shaida an cire mata abin. In an yi haka ta koma Kaura. In ba a yi ba, ko tasha ba za ta taka ba.

Sule ya zo wa ɗiyarsa da albishir, ya ga ba ta yi murna ba.

"Baba, ba ni yi."

"Ba ki yin mi? Wanka?"

"In anka wanke ni, kowa cewa zai yi nono ya tsirar da ni. Gobe wani shi hwaɗi, a sake tsayawa ana kallo nai shina shan ruwa."

Maganar ta soki Sule. Shi ma yana cikin waɗanda suka tsaya, kuma abin bai bar shi ba. Ya je wurin liman, liman ya ce shi bai ga zancen nono a littafi ba, ceton rai kuwa lada ne babba, amma ba zai shiga tsakanin mutum da uwarsa a kan ƙwaryar nono ba. Sule ya dawo ya ce wa Rahina, "Ni dai kin san ban iya da Inna. In kin ƙiya, kin zamna."

Hutu ya yi ta ƙarewa. Goggo Mariya ta aiko tana tambayar ranar zuwa. Asiya ta kira ta wayar Sule daga Shinkafi, da ta ji labari ta fashe da dariya.

"Ke, nono na fa, ba kalanzir ba! Matan birni saye su kai su shafa don fata ta yi kyau. Yi wankanki ki taho, wa za ya yi muna lissafi in ba ki nan?"

Rahina ta san da gaskiya a maganar Asiya. Nono ba zai rage ta da komai ba. Ta kuma san in ta zauna gida, fiziks ya ƙare mata ke nan, don ba mai koyar da shi a kusa. Amma duk lokacin da ta kusa cewa to, sai ta tuna ƙafafun mazan nan jere a bakin kunya.

Wata yamma ta sami Kaka a tsakar gida tana tsige zogale. Ta zauna nesa kaɗan, iyakar inda aka yarda ta zauna.

"Kaka, ke kin taɓa ganin wanda aradu tah hwaɗa ma?"

"Sau nawa. Ke kina tsammani da ke anka fara?"

"Anka daɗe ana jiran nono?"

"Wane jira? Ruga na nan bayan marina. Kahin a juya an kawo." Ta jefa tsinke gefe. "Duniya ta ta lalace, ba al'ada ba."

"Ba wanda yat taɓa riga nono, sai ni?"

Kaka ta ci gaba da tsiga. Sannan ta ce a shekarar da aka kawo ta gidan nan amarya, aradu ta faɗa wa wani yaro mai kiwon awaki, uwarsa ta zo ta rungume shi, ba wanda ya iya riƙe ta. Yaron bai tashi ba. Uwar kuwa aka wanke ta da nono washegari.

"Mi yas same ta?"

"Mi za ya same ta, an wanke ta? Sai da tag ga jikokin jikoki."

"Ashe wanda yat taɓa ba shi mutuwa."

"In an wanke shi."

"To Kaka, ki hwaɗi hakanan gaban mata. Ki ce a fara ɗaga mutum, nono shi biyo baya. In kin hwaɗi, ki wanke ni da hannunki."

Kaka ta ajiye zogalen ta dube ta sama da ƙasa.

"Ciniki kike da ni, ɗiyag ga? Ni sa'arki ta?"

"A'a, Kaka. Ke aka ji. Ni in na hwaɗi, cewa za a yi boko na."

Tsohuwar ta kwashi zogalenta ta shige ɗaki. Amma uwar Namadi ƙawarta ce tun ƙuruciya, kuma ta je yi mata barka, ta ga yadda take shafa kan ɗanta mai furfura kamar jariri. Kaka ba ta kasa lissafin cewa ta'aziyya za ta je yi gidan ba da yarinyar ta tsaya jiran nono. Da safe ta kira Sule ta ce ya je neman nono. Ta ƙara da cewa kada wani ya ɗauka karatun Kaura ne ya juya ta. Ita abin da ta gani da idonta tun tana amarya za ta faɗa.

Sai da Sule ya je har Zurmi. A bayan kasuwa ya sami wata tsohuwar Bafulatana wadda a da take kawo nono gidansu, yanzu tana zaune cikin gari da 'yan shanun da suka rage wa ɗanta. Ta gane shi, ta tambayi Saratu ko tana nan da faɗanta, ta cika masa jarka ta ce a gaishe ta.

Aka tara matan unguwa a bayan ɗakin Kaka. Rahina ta durƙusa da ɗaurin ƙirji. Kaka ta ɗebi nono a ludayi, amma kafin ta zuba ta ɗaga murya.

"Ku saurara. Wanda aradu tah hwaɗa ma, a ɗaga shi nan take, kak a bar shi kwance. Wanda yaɗ ɗaga, a wanke shi daga baya. Hakanan na tun fari, ku ne ba ku sani ba."

"Mu dai ba haka munka gada ba, Saratu," in ji wata daga baya.

"Ke kin girme ni?"

Mata suka yi dariya, mai maganar ta ja mayafi. Kaka ta kwara nonon a kan Rahina, ya bi wuya ya bi baya, da sanyinsa da tsaminsa. Da ta gama ta miƙa mata ƙaninta na goye a gaban kowa.

Rahina ba ta ruɗi kanta ba. Ta san rabin abin da take so ta samu, kuma matan sun watse suna ganin nono ya yi aikinsa. Ita abin da ta ga ya yi shi ne tara mata ƙudaje, don sai da ta wanke kai da sabulu sau da yawa kafin ƙarnin ya bar kitsonta. Amma ta ji da kunnenta wata mata tana maimaita wa maƙwabciyarta a bakin rijiya cewa a fara ɗagawa, kuma gugansu yana gogar nata.

Ranar komawa Sule ya raka ta tasha, ya jira har motocin suka cika, don hanyar Moriki ba a binta sai a ayari. Ta isa Kaura lafiya. Da ta ba Malam Kamaluddeen labari, bai yaba mata ba, bai kuma yi mata faɗa a kan wankan ba. Tambayarta ya yi abin da ta ji a hannunta da ta taɓa shi.

"Sanyi, Malam. Da laka."

Ya ce ta zo gaban allo ta faɗa wa 'yan ajin da bakinta. Ta faɗa, Asiya tana toshe hanci da gangan daga kujerar gaba. Daga nan Malam ya ce a buɗe babin maganaɗisu, Rahina ta koma wurin zamanta ta buɗe littafinta.